Yaye Kafin Teku

Shekara shida ina zana teku a allo da shuɗin alli ban taɓa ganinsa ba. 'Yan aji huɗu nake koyarwa a wata firamare a cikin garin Daura. In na ce musu ruwa ne wanda ba a hango ƙarshensa, kuma akwai gishiri a ciki, sai su haɗa baki su ce, "Malama, wa ya zuba?" Ruwa mafi girma da ni kaina na taɓa gani shi ne dam ɗin bayan gari, shi ma daga kan babur.

Shekarar da 'yata ta doshi biyu, yayana da ke sana'ar albasa a Ikko ya kira ni a waya. Ya ce, "Ku zo dogon hutun nan, ke da maigidanki da yarinyar. Ɗaki akwai. In kai ki bakin teku, ki daina ba 'ya'yan mutane labarin abin da ba ki sani ba." Na ce masa Allah ya shirye shi, amma ranar tuwon da na tuƙa duk gudaji ne saboda murna. Maigidan, wanda malamin dabbobi ne a ƙaramar hukuma, ya nemi hutun mako biyu aka ba shi. Tun da muka yi aure ba mu taɓa zuwa wani gari don kawai mu je ba. In ba gaisuwar mutuwa ba, to suna ne ko biki.

Na ciro takarda daga tsakiyar wani tsohon littafin darasi na fara rubuta kayan yarinya. Garin kunu na gero da gyaɗa, filas biyu, maganin zazzaɓi, gidan sauro, famfas, fo, takalmin roba, zannuwan goyo uku saboda an ce can ruwan sama ba ya sallama. Har 'yar ƙararrawa na sayo na ɗaura mata a ƙafa, domin yarinyar ba ta san tafiya ba, gudu ta sani, kuma an ce a Ikko in ka saki hannun yaro ka ƙifta ido shi ke nan. Tun daga ranar duk inda ta yi a tsakar gida sai ka ji kacau-kacau.

Saura mako uku tafiya muka je Zango mu sanar da Hajiya, mahaifiyar maigidan. Tun rasuwar mijinta ita kaɗai ce a sashenta, sai awakinta. Muka same ta tana tsinkar zogale. Bayan mun gaisa ta ɗauki yarinyar ta ɗora a cinya tana yi mata tsiya.

"Ƙawata, wa ya rataya miki ƙararrawa kamar tunkiyar da ta saba ɓata?"

Maigidan ya yi mata bayanin tafiyar, ta saurara har ya kai aya. Sannan ta ce, "Ikko. Da wannan? Kwana da wuni a mota, in an je kuma a kai ta bakin ruwan da ba shi da ƙetare. Watanta nawa yanzu?"

Ya dube ni. Na sunkuyar da kai na ce, "Ashirin da ɗaya, ina jin." Wai ina jin! Ni da na san har kwanakin da ke kai.

"To ai yaye ya yi. Tun da Lahadi za ku tafi, ku kawo min ita ranar Juma'a. Kafin ku dawo ta manta da nono. Ku je ku sha iskarku."

Ga abin da bakina ya faɗa, wanda har gobe in na tuna sai in ji kamar in mari kaina: "To, Hajiya. Ai taki ce. Dama ta ishe ni da ɓarna."

'Yar fari ce, shi ya sa. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban manya. In ta faɗi a gaban Hajiya sai in kau da kai wani ya ɗaga ta. In ta ce "Mama" a cikin mutane sai in yi kamar da wata take. Haka na ga uwata tana yi wa yayana, haka na tashi na yi, har yabona ake yi a dangin miji, wai ga 'yar boko mai kunya. Wata ashirin da ɗaya ina jin daɗin wannan yabo, sai ranar na ga inda ya kai ni.

Kowa ya san yaye a gidan kaka ba na mako biyu ba ne. Ana kai yaro da 'yar jakarsa, a ce sai ya manta da nono. In ya manta, a ce bari ya yi ƙwari. In ya yi ƙwari, a ce ai ya saba, kada a tayar masa da hankali. Kafin ka ankara an sa shi makarantar allo a can. Ni ba labari aka ba ni ba, shaidar tana zaune kusa da ni a motar komawa Daura. Maigidan ɗan fari ne, kuma shi kaɗai Allah ya bar wa Hajiya. An kai shi yaye wurin kakarsa a wani ƙauye na bakin iyaka, bai dawo ba sai da zai shiga sakandare. A can ya ji ƙannen babansa suna kiran uwarsa Yaya, shi ma ya ɗauka. Yau ga shi har da furfura a gemu, in ya durƙusa gaishe ta cewa yake, "Yaya, ina kwana." Kakarsa ce Inna a bakinsa, har ta koma ga Allah.

Abin da ya tsaya min a wuya ke nan tun daga tashar Zango har gida. Sai nake hango 'yata da shekara goma, an kawo ta hutu gidana, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce min Yaya. Wallahi tsoro na ji.

Muna shiga gida na tare maigidan tun bai cire takalmi ba.

"Malam, ka kira ta ka ce mun fasa tafiyar."

"In an fasa tafiya an fasa yaye ne? Kin riga kin ce to. Kuma ba ke kika ce ta ishe ki ba?"

"Haba Malam! Kai ma ka yarda? Me kake so in ce a gabanta?"

"Na san ba har zuci kika faɗa ba. To amma ni in je in ce wa Yaya me? In ce ina son 'yata? Da wane bakin?" Ya zauna a bakin gado yana murza hula. "Ni ma ai a hannun kaka na tashi. Me ya same ni?"

Na ce, "Me ya same ka? Kira uwarka Inna in ji."

Ya mayar da hularsa ya fita, wai zai je masallaci, alhali ko kiran la'asar ba a yi ba.

Tun da ba ni da bakin da zan ce ina son abata, sai na yanke shawarar in rushe hujjojin Hajiya ɗaya bayan ɗaya. Ta ce mota, ta ce ruwa. To bari in nuna mata yarinyar za ta iya. Ranar wata Asabar na goya ta muka hau bas zuwa Katsina, ba don ina da abin yi a can ba, don gwaji kawai. Ba mu yi nisa ba ta kelaya amai a kan babbar rigar wani bawan Allah, fara tas, da alama ɗaurin aure za shi. Na ba shi haƙuri har bakina ya bushe. A dawowa kuwa barci ta yi tun daga tasha har Daura. Na ƙudurta a raina labarin dawowar kaɗai zan bayar.

Sai na koma kan ruwa. Na cika babban baho, na barbaɗa gishiri, na zaunar da ita a ciki ina kaɗa ruwan da murfin tukunya wai ina yi mata igiyar ruwa. Ta kamfata da hannu ta kai baki, ta tsala ihu har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Na sa yayana ya turo min bidiyon teku, ina nuna mata safe da yamma ina cewa, "Teku. Ce teku." Ita kuwa ta ce "keku," ta fizge wayar ta jefa a kwandon wanke-wanke. In na tuna yanzu dariya nake, amma a lokacin ba dariya a ciki. Mace da hankalinta, mai koyar da 'ya'yan mutane, tana durƙushe tana kaɗa baho da murfin tukunya hawaye na zuba.

Da na ga lokaci yana ƙurewa na je wurin wata ƙawata ma'aikaciyar asibiti. Ta ce ai an fi so yaro ya cika shekara biyu yana shan nono, balle da damina. Na riƙe maganar nan da hannu biyu na hau mota zuwa Zango, ni da yarinyar, da sunan na kawo wa Hajiya man ƙafa.

"Hajiya, wai a asibiti sun ce gara a bari ta cika biyu."

"Wa ya ce?"

"Wata ma'aikaciya ce."

"Nawa ta yaye?"

Na ce, "Ba ta yi aure ba tukuna."

Hajiya ta yi murmushi ta ce in zo in ga wani abu. Ta sa an ɗinka 'yar katifa, an shimfiɗa kusa da gadonta. Ga sabon kwano da ɗan cokali. Ga kaji biyu a akurki, ta ce na ƙawarta ne. Rijiyar tsakar gidan da tun zuwana gidan nake ganinta a buɗe, ta kira kafinta ya yi mata murfin katako har da kwaɗo. Tana nuna min tana magana da sauri-sauri, irin yadda ban taɓa jin ta yi ba. Duk hujjojin da na haddace a mota suka bi iska. Na ce, "Kai, Hajiya, an gode. Allah ya ƙara girma."

Na zagaya bayi in wanke fuskata. Ina fitowa, kafin in ƙaraso, na hango su ta tsakanin zana. Ta tsayar da yarinyar a gabanta, ta riƙe hannuwanta biyu, tana dafa ƙirjinta da su tana cewa a hankali, "Ce Inna. In-na. Ce mana, ƙawata." Yarinyar tana ta ƙyalƙyala dariya tana buga ƙafa. Na koma da baya na tsaya a bayan zanan har sai da na ji sun daina.

Daga can gidanmu na wuce, wurin mahaifiyata, ina ganin ko ita za ta shige min gaba. Ko zama ban gama yi ba ta wanke ni tas.

"Kada ki kuskura ki ja min abin faɗa a garin nan. Yayanki wa ya riƙe shi? Na mutu? Tsohuwa ta roƙi jikarta a gaban ɗanta, ki ce a'a? Bokon ke nan?"

Na ce, "Inna, ni fa ban ce a'a ba."

"To ki ci gaba da rashin cewa."

Saura kwana huɗu na shiga shagon Madam, matar mai sayar da kayan gyaran babur a bakin layinmu. 'Yar kudu ce, a bakin ruwa aka haife ta, amma ta daɗe a Daura har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Na ce ta gaya min yadda ake yi da yaro a bakin teku. Ban san me ya sa nake tambaya ba, tun da an riga an gama magana. Ta ce kada in saki hannunta, kada in juya wa ruwan baya ko da hoto za a ɗauke ni, kuma in tafi da kayan canji biyu. Ina rubutawa a takardata sai kawai na ga rubutun yana jiƙewa. Ta matsa min sai da na gaya mata komai.

Ta ce, "Malama, tsaya, ban gane ba. Wa ya haife ta?"

"Ni."

"To ki je ki ce, Mama, ina son 'yata." Ta ƙirga da yatsu. "Ina, son, 'yata. Kalma uku. Ke da kike magana tun safe har azahar a gaban aji?"

"Madam, a wurinmu ba a faɗa."

"To me ake yi a wurinku?"

"Shiru ake yi."

"To yi shirun, ki daina jiƙa min kantar shago da hawaye." Ta miƙo min hankici, ta ba yarinyar biskit. Da zan fita ta ce, "Kalma uku fa."

Juma'a ta zo kamar ana tura ta. Da safe maigidan ya karɓo rubutun yaye wurin malam, na dama gumba aka raba sadaka a layi. Na buɗe babbar jakar tafiya, wadda na yi mako uku ina shiryawa ina sake shiryawa, na ciro kayan yarinyar ɗaya-ɗaya na mayar cikin ƙaramar jaka. Jakar tamu ta koma rabi. A mota na lulluɓe ta da hijabi na ba ta nono tun daga Daura har Zango. Ko da ta ƙoshi ta saki, sai in sake mayar mata.

Hajiya ta yi kwalliya kamar ranar salla. Ta karɓi yarinyar, ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon majanyi na saƙi, fari da baƙi, yana ƙamshin adaka. Ban taɓa ganinsa ba. Ta goya ta da shi ta nufi wurin awaki tana cewa, "Zo ki ga 'yar akuyarki." Ta bayan hannu ta yi mana alamar mu tafi. Muka sulale kamar ɓarayi. Muna cikin zaure na ji kacau-kacau, yarinyar tana harba ƙafa a bayanta, sannan na ji ta ce, "Mama?" Ba kuka ba, tambaya. Na yi abin da na saba, na yi kamar da wata take.

Kafin azahar muna gida. Ban taɓa sanin gidanmu yana da faɗi haka ba. Ga fo a lungu na manta ban saka ba. Ga guntun biskit ɗin Madam a ƙarƙashin kujera, da shaidar haƙoranta. Maigidan ya dawo daga masallaci ya kunna rediyo ya zauna, na kuwa san ba ji yake ba, domin tashar ma ba ta kama sosai ba bai gyara ba. Na ɗaure ƙirjina da ɗankwali tamau kamar yadda aka ce in yi, na hau ninke kayan da na riga na ninke. Ina ɗaga wani zane sai ga takardata. Na bi ta da ido daga garin kunu har ƙasa, inda na rubuta maganar Madam: kada ki saki hannunta.

Wajen la'asar nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, ya ɓalle ta cikin ɗankwalin, gaban rigata ya jiƙe sharkaf. Na san a daidai lokacin take neman sa. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Na zari hijabi.

Maigidan ya ce, "Ina za ki?"

"Zango."

Ban taɓa fita ban tambaye shi ba sai ranar. Na jira ya daka min tsawa. Sai ya kashe rediyon, ya tashi ya fito da babur.

Tun daga Daura nake maimaita kalma ukun nan a bayansa, iska tana kwashe su. Ina son 'yata. Ina son 'yata. Gero ya yi kore shar hagu da dama, hadari yana haɗuwa ta gabas, ni dai bakina bai tsaya ba. Da muka isa ya ce zai jira a zaure. Ban ga laifinsa ba.

Na sami Hajiya tana kai da kawo a tsakar gida da goyo, tana jijjigawa. Yarinyar ta yi kuka har muryarta ta dishe, barci ya sace ta, sai ajiyar zuciya take yi. Kwalliyar Hajiya duk ta jiƙe da gumi. Ga maƙwabtanta mata biyu zaune a tabarma sun zo taya ta. Na durƙusa a gabanta.

Ta ce, "Lafiya, 'yar nan? Mantuwa kuka yi?"

Na buɗe baki in faɗi kalma ukun da na yi ta haddacewa a hanya. Ba su suka fito ba. Abin da ya yi mako uku a wuyana shi ya fito, da ƙarfi, har da kuka:

"Hajiya, don Allah. Ba na so ta tashi tana ce min Yaya."

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Subhanallahi!" Ɗayar ta kama haɓa. Sai a lokacin na ji abin da na faɗa, na kuma tuna wadda na faɗa wa. Da na ce ina son 'yata, da rashin kunya kawai za a ce na yi. Wannan kuwa na taka mata inda yake ciwo ne, a gaban mutane, a cikin gidanta. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Hajiya ta daina jijjigawa. Ta dubi matan ta ce su ɗan ba mu wuri, suka ja takalmansu suka fita. Ta daɗe tana kallon murfin rijiyar nan. Ina jira ta zage ni, wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ta ce, "Ba daɗi kam."

Shi ke nan abin da ta ce. Ta sunkuya ta kwance majanyin, ta ce, "Tashi ki juyo." Ta ɗora min yarinyar a baya, ta zagayo da majanyin ta ɗaure min shi da hannunta a ƙirji, a kan rigar da ta jiƙe. Ta ja ƙullin sosai.

"Na mutumin naki ne," ta ce, domin ita ma ba ta kiran sunan ɗanta. "Bai tsufa a bayana ba, shi ya sa kika gan shi da sauran ƙarfi. Ki tafi da shi. Kada ki sauke ta a bakin ruwan nan."

Na fara ba ta haƙuri, maganar tana sarƙewa. Ta ɗaga min hannu. Ta shiga madafa ta fito da kwano a rufe, ta ce an riga an yanka kaza ɗaya, in tafi mata da ita. Ta ɗauko ƙaramar jakar, wadda ko buɗe ta ba a gama yi ba. Sannan ta ɗaga murya ta ce wanda ke laɓe a zaure ya shigo, ta san babur ba ya tuƙa kansa.

Maigidan ya shigo ya durƙusa. Na san ya ji komai. Na zuba wa bakinsa ido, na ga ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Ita ma shi take kallo.

Ya ce, "Yaya, mu za mu koma."

Ta ce, "Allah ya tsare. Ku yi sauri kada ruwa ya tare ku."

Ranar Lahadi muka tafi, mu uku. Kwana da wunin da Hajiya ta faɗa bai ragu da komai ba, yarinyar ta yi amai sau biyu, filas ɗaya ya fashe tun a Kano. Duk tsawon hanyar aiki ɗaya na sa a gaba. In ta farka sai in nuna mata hoton Hajiya a waya in ce, "Inna. Ce Inna." Na ce a raina ko wannan kaɗai in mayar mata.

Kwana uku da isarmu yayana ya kai mu bakin teku da hantsi. Ashe ba shuɗi ba ne, toka-toka ne, kuma ƙararsa ta fi ganinsa ban tsoro. Na ɗebo da hannu na ɗanɗana, gishirin yana nan, ban yi wa 'ya'yan mutane ƙarya ba. Yarinyar da na yi wa tanadin ƙararrawa ko yunƙurin sauka ba ta yi ba, ta ƙanƙame ni ta cikin majanyin tana leƙe ta gefen kafaɗata.

Maigidan ya ce bari ya kira Zango ta ji. Ya buɗe muryar wayar ya ɗaga ta sama wajen ruwan, sannan ya ce, "Yaya, kina jin ƙarar? Teku ke nan."

Ta ce, "Ina ji. Ikon Allah. Ba ni ƙawata."

Ya kawo wayar kusa da bakin yarinyar. Na juya kai ina raɗa mata, "Ce Inna. In-na. Yi mana." Ta dube ni, ta dubi babanta, ta kama wayar da hannu biyu, ta buɗe murya yadda ta ji ya yi.

"Yaya!"

Sai muka ji Hajiya ta yi 'yar dariya.

"Ita ma?" ta ce. Ta ɗan tsaya, sannan ta ce, "Na'am, ƙawata. Na'am."